Baba ya warke daga ciwon ƙirji amma Mama ta ɓoye masa takalma

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki sakaya sunana. Maganar mahaifinmu ce, shekarunsa 69, tsohon malamin firamare ne ya yi ritaya. Farkon hunturun nan mura mai zafi ta shigo gidanmu, duk mun yi ta mun warke amma shi sai ta sauka masa a ƙirji, zazzaɓi da tari har numfashi ya gagara, sai da aka kwantar da shi asibiti kwana 9, kwana 4 daga ciki yana kan oksijin. Likita ya ce bairos ne ya zama nimoniya, wato ciwon huhu. Alhamdulillahi yau sati 5 da sallamo mu. Yana da hawan jini da suga, yana shan magani.

Tun da muka dawo Mama ta hana shi komai, ko buta ita ke kai masa bakin gado, takalmansa ma ta ɓoye. Mutumin da salla biyar a masallacin unguwa yake yi, kullum da yamma ya hau keke ya leƙa gona. Yayanmu kuma cewa yake ana kashe masa jiki ne kawai, ranar Juma'ar da ta wuce ya matsa sai da suka tafi masallacin Juma'a a ƙafa, tafiyar kusan minti 25 ce zuwa kawai. Da ƙyar ya dawo, kwana biyu bai iya tashi ba. Yanzu Mama da Yaya gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Baba kuma ya yi shiru, in aka kira salla sai ya juya fuskarsa bango, jiya ya ce min "ni kam ina ga tawa ta ƙare". Ni ce a gida, ni ke ba shi magani. Anti wa ke da gaskiya? Motsa jiki zai taimake shi ko zai dawo da ciwon ne?

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri, jinyar mahaifi ba ƙaramin aiki bane. Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma duk lokacin da na zo wurin da kika ce in an kira salla yana juya fuska bango sai na tsaya. Mutumin da ya shafe shekaru yana taka ƙafarsa zuwa sahu sau biyar a rana, yau yana jin ladan daga kan gado, wannan ciwo ne na daban da hoton ƙirji ba zai nuna ba, kuma ina so duk abin da za mu tsara ya zama hanyar mayar da shi wannan sahun ne.

Amsar tambayarki a taƙaice, eh, Baba yana bukatar motsa jiki, kuma yana bukatarsa tun yanzu, amma a ɗan ƙaramin ma'auni da za a riƙa ƙarawa a hankali. Yaya ya hango inda ya kamata a je sai dai ya ɗauko tafiyar wata biyu ya zuba ta a wuni ɗaya. Mama kuma tsoronta na gaskiya ne, amma maganin da ta zaɓa in ya daɗe shi ma cutarwa yake.

Bari in yi miki bayanin abin da ke faruwa a jikinsa, don in kin gane shi za ki iya fahimtar da kowa a gidan. Kwanciya tana cin naman jiki, kuma ta fi cin na tsoho. Akwai wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2007, aka samu dattawa masu lafiya ƙalau 'yan shekara sittin da wani abu aka kwantar da su a gado kwana 10, babu ciwon komai fa, kwanciya ce zalla, da aka auna sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. To kinga Baba shi kwana 9 ya yi a gadon asibiti da zazzaɓi da rashin cin abinci, sannan ya dawo gida ya ƙara sati 5 a zaune. Ƙafar da ta rame tana bukatar ƙarin wahala kafin ta ɗaga mutum, zuciya ta saba da hutu sai ta riƙa bugawa da sauri kan ɗan abu kaɗan, sai mutum ya yi haki, in ya yi haki sai a tsorata a ce koma ka kwanta, in ya kwanta ƙarfin ya ƙara raguwa, gobe hakin ya fi na yau. Haka abin yake juyawa har a wayi gari dattijon da ya shiga asibiti da ƙafarsa ya koma sai an riƙe shi zuwa banɗaki, kuma mutane su ce ai tsufa ne. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma yawanci a gidajen da ake matuƙar son mara lafiyan ne yake faruwa.

Shi kuma huhu yana da nasa lokacin. Bayan nimoniya tari da haki sukan ɗauki kamar sati 6 kafin su lafa sosai, gajiya tana iya kai wata 3, wasu dattawan sai wajen wata 6 suke jin sun dawo yadda suke. Saboda haka a sati na biyar in Baba yana gajiya da wuri wannan ba alamar tasa ta ƙare bace, lokacin ne bai cika ba. Ki faɗa masa wannan da bakinki, da lissafin watannin, malami ne zai gane lissafi.

Abu na farko, kafin a fara komai ku koma wurin likita a satin nan, a mota ko a adaidaita, musamman tunda ya yi wannan kwanciyar ta kwana biyu bayan Juma'a. A saurari ƙirjinsa da zuciyarsa, a duba hawan jinin da sugan, a auna oksijin ɗinsa yana zaune sannan a sa shi ya ɗan taka a sake aunawa. Ga mai shekarunsa akan so a sake hoton ƙirji wajen sati 6 bayan nimoniya don a tabbatar ta washe, kun kusa lokacin. In har yanzu yana tari, ballantana da gumin dare ko rama, ki roƙa a yi masa gwajin majina na tibi, wato tarin fuka, a asibitocin gwamnati kyauta ake yinsa kuma ba abin kunya bane, masu suga sun fi saurin kamuwa. Ki tambayi likitan kai tsaye, "likita zai iya fara tattaki?" kuma ki tabbata Mama tana zaune a wurin lokacin da zai ba da amsa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, maganar da za ki yi sati kina yi ba ta shiga ba, in ta fito daga bakin likita sau ɗaya ta wadatar. In asibitin yana da sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi da koyar da motsa jiki, ki nemi a tura ku, su ne gwanayen wannan aikin, ko zuwa biyu ko uku kuka yi suka nuna muku yadda ake yi ya isa ku ci gaba a gida.

Dalilin da ya sa nake dagewa kan ganin likita shi ne, wani lokaci bairos yakan taɓa tsokar zuciya, kuma doguwar kwanciya takan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya ɓalle ya tafi huhu. Ba kowa ke samun haka ba, amma dole ki san alamun. Ciwon ƙirji ko jin kamar an danne shi, bugun zuciya da ke tsalle ko gudu ba dalili, jiri ko suma, hakin da ya taso yana zaune ko wanda ya ƙi lafawa bayan ya huta, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, tari da jini, leɓe ya canza kala, zazzaɓi ya dawo, ko ki ga ya rikice yana magana ba kan gado. Ko ɗaya kika gani a cikin waɗannan a bar maganar tattaki a nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, kar a ce bari mu ga safiya.

To in likita ya ce bismillah, ga yadda zan so ku yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora lokacin korona ga masu murmurewa, ta kasa komawa motsa jiki mataki biyar, kuma ta ce a yi aƙalla kwana 7 a kowane mataki kafin a hau na gaba, in jiki ya nuna an yi yawa a sauko mataki ɗaya. Wannan ƙa'idar ta kwana bakwai ita nake so ki riƙe, ita ce za ta raba gardamar gidanku.

Satin farko a tsakar gida za a yi shi. Ya taka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure ya dawo, a hankali, minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, da kujera a ajiye a kowane ƙarshe ko da zai bukaci zama. Na san za ki ce wannan ai ba komai bane, shi ma Baba zai ce haka, to haka ake so, a gama yana jin da saura. Ki koya masa numfashin da ke kashe haki, ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya tsuke baki kamar mai hura koko mai zafi ya fitar a hankali yana ƙirga huɗu, kafaɗu a sake. In haki ya taso ya zauna ya ɗan duƙo gaba ya ɗora gwiwar hannu a cinya ya yi wannan numfashin har ya lafa. Sannan ga wani abu mai sauƙi da nake matuƙar so, tashi da zama a kujera. Kujera mai ƙarfi a jingine da bango, ba irin ta robar nan mai santsi ba, ya tashi tsaye ya koma ya zauna sau biyar, da farko ya dafa da hannu, daga baya in ƙarfi ya zo ya bar dafawa. Wannan tsokar cinyar ita ce ke tada mutum daga sujada, ita ce ke hana faɗuwa a banɗaki, ki gaya masa haka zai fi ba abin muhimmanci.

Ma'aunin da za ku yi amfani da shi ba ya bukatar na'ura, magana ce. Ki riƙa tafiya a gefensa kina jansa da hira, ki tambaye shi labarin makarantar da ya fara koyarwa ko yadda gero ya yi bana. In yana iya ba ki amsa da cikakkiyar jimla yana tafiya to daidai ake, ko da numfashin ya ɗan ƙaru, wannan ɗan ƙaruwar ita ake nema. In kika ji yana yanka magana kalma ɗaya ɗaya yana neman iska, an wuce gona da iri, a tsaya. In da hali Yaya ya sayo 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin, ana samunta a manyan kemis. Lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa sama. In yana zaune ta nuna 92 ko ƙasa, asibiti, in kuma yana tafiya ta sauka da maki 3 ko fiye daga inda ta faro a dakata a sanar da likita. Amma kar ki dogara da ita ɗari bisa ɗari, an gano takan nuna sama da gaskiya a masu duhun fata irinmu, kuma in yatsa ya yi sanyi takan yi shirme. In na'ura ta ce lafiya amma idonki ya ga Baba ba daidai ba, ki yarda da idonki.

Sati na biyu in komai ya tafi lafiya a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan kwana biyu, har ya kai minti 10 zuwa 15 a jere. Daga nan a fita ƙofar gida, yau zuwa bishiyar maƙwabta, jibi zuwa shagon kan kwana, kullum da mai rakiya. Ki auna da ƙafarki minti nawa ne daga gidanku zuwa masallacin unguwa a tafiyar tsoho, ranar da Baba ya iya yin ninkin wannan a tsakar gida ba tare da ya galabaita ba kuma ya tashi washegari garau, to ranar ya isa zuwa salla ɗaya a jam'i. Ɗaya fa. Ki zaɓar masa Azahar ko La'asar, a kai masa kujera sahu in tsayuwar za ta yi tsawo, ya yi sati a haka sannan a ƙara ta biyu. Asuba ita ce ta ƙarshe da za a mayar, saboda sanyin asubar hunturu da ƙura suna tada tari suna matse ƙirji, ga duhu ga ramuka a hanya. Juma'a kuwa a kai shi a abin hawa tukuna, a sama masa inuwa, kuma ba wannan satin ba.

Inda ake son a kai a ƙarshe shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci duk wanda ya kai shekara 65, aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, wato kamar tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar, tare da abin da ke ƙarfafa tsoka da wanda ke gyara tsayuwa don gudun faɗuwa. Kinga Baba da can yana cika wannan har ya wuce ba tare da ya san sunansa motsa jiki ba, masallaci sau biyar ga keke ga gona. Wannan ma abin farin ciki ne, jikin da ya saba yakan fi saurin dawowa. Keken dai a bar shi sai can gaba, sai ya iya tafiyar rabin awa lafiya kuma babu jiri, gona kuma ya fara da zuwa duba aiki ya zauna a inuwa yana ba da umarni, fartanya sai damina in Allah ya kai mu.

Yanzu bari in dawo kan abin da ya faru bayan Juma'a, don akwai darasi a ciki. Mai yiwuwa kawai nauyin ne ya yi yawa, minti 50 a ƙafa zuwa da dawowa ga rana ga zaman huɗuba ga wanda sati 5 bai fita ba, ko saurayi ne zai ji a jikinsa. Amma akwai wasu mutanen, an fi ganin haka bayan korona, da in suka ɗan yi aiki ko kaɗan ne, a lokacin lafiya lau, sai bayan wuni ɗaya ko biyu gajiya ta rufto musu kamar an zare musu laka, da ciwon jiki da nauyin kai, ta yi kwanaki. Irin waɗannan ba a tura su a ce daure ka ƙara, turawar ƙara musu ciwo take, su sai dai a raba musu aiki gutsi gutsi da hutu a tsakani a tsaya a iya abin da jikin ya ɗauka. Ta yaya za ki gane wanne ne na Baba? Da washegari. Kullum tambayar ita ce ya ya tashi yau idan aka kwatanta da jiya. In ya tashi daidai ko ya fi, a ci gaba. In ya tashi a karye, a huta har ya dawo daidai sannan a koma matakin baya. In kuma kika ga ko 'yar tafiyar minti biyar ɗin nan tana kayar da shi haka sau biyu sau uku, ki daina ƙarawa ki koma wa likita da bayanin.

Shi ya sa nake so ki sayo ƙaramin littafin rubutu da biro ki miƙa wa Baba da kansa. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran rajista ya san darajar layi da kwanan wata. Ya ja layuka da hannunsa, rana, minti nawa ya taka, tashi da zama sau nawa, ya hakin yake daga 0 (babu haki) zuwa 10 (mafi tsanani), ya ya tashi washegari. Shi zai riƙa cikawa, ke dai ki riƙa zuwa kina cewa Baba a nuna min sakamako. Tun da ya kwanta kowa ke yanke masa hukunci, likita, Mama, Yaya, har ke mai ba shi magani, babu wanda ya tambaye shi me yake so. Wannan littafin zai dawo masa da ragamar a hannunsa, kuma ranar da zuciyarsa ta karye ya buɗe ya ga sati biyu da suka wuce minti 4 yake yi yau ga shi a 12, wannan ya fi duk wani lallashi da za ki yi masa.

Sugan nan kuma a kula. In allurar insulin yake yi ko irin ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi kamar Daonil, tafiya tana iya sa sugan ya faɗi, ballantana yanzu da cin abincinsa ya ragu. Kar ya taka da yunwa, a bari kamar awa ɗaya bayan ya ci abinci, kuma ki sa masa dabino ko sukari a aljihu. In ya fara gumi mai sanyi, rawar jiki, ganin duhu, ya zauna a ba shi babban cokali na sukari a ruwa nan take. In kuna da abin awon hawan jini a gida kuka ga ya haura 180 a sama ko 110 a ƙasa yana hutawa, ranar babu tattaki, a tuntuɓi likita. In zai tashi daga kwance ya fara zama bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe. Kuma mai suga ba ya yawo ba takalmi ko a tsakar gida ne, kinga ko don wannan ma dole takalman nan su fito, wanda ya rufe ƙafa ya kama ta da kyau, ba silifas mai zamewa ba.

Lokacin fita, hantsi ya fi, rana ta ɗan ɗaga sanyi ya sake. Ranar da kika leƙa kika ga gari ya yi fari fat da hazo a yi tafiyar a cikin falo ko baranda, in dole sai an fita ya sa takunkumi. Ki raba shi da hayaƙi, na murhu, na janareto, maganin sauro na kunnawa, har turaren wuta a ɗan ɗaga masa ƙafa a ɗakinsa na wasu watanni. Kaskon gawayi a ɗaki a rufe don jin ɗumi kuwa kar a kuskura, wannan yana kashe mai lafiya ma. Abinci kuma kar a tsaya kan koko da shayi don mara lafiya ne, tsoka ba ta ginuwa sai da abin gina jiki, ƙwai, wake, alala, awara, kifi, nama, nono marar sukari, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa tunda ba zai iya cinye kwano guda ba, da ruwa isasshe don hunturu yana busar da mutum bai sani ba.

Mama fa, 'yata ki yi mata uzuri mai yawa. Ita ce ta kwana huɗu tana kallon mijinta da robar oksijin a hanci tana ƙirga numfashinsa, ba ta san ko da shi za ta koma gida ba. Wanda ya ga haka in ya ɓoye takalmi ba mugunta bace, so yake kar ya sake ganin wannan daren. Kuma abin da ya faru ranar Juma'a ya ƙara tabbatar mata da tsoronta. Kar ki je mata da "Mama kin yi kuskure", ki same ta ita kaɗai bayan Isha ki ce Mama nima tsoron nake ji, amma an ce min zaman nan yana cinye masa ƙafafu, mu je mu ji daga bakin likita. Sannan a ba ta matsayi a cikin tsarin, ita ce mai riƙe agogo, ita ke cewa lokaci ya yi a tsaya, kuma kowa har Yaya ya yarda in ta ga alama ta ce a dakata to an dakata. In ta samu wannan ikon za ta saki wancan. In ma za ta yarda ta riƙa takawa tare da shi a tsakar gidan ya fi, ita ma jikinta zai amfana, su yi hirarsu. Butar kuma a hankali a bar shi ya riƙa ɗauka da kansa, zuwa alwala ma tafiya ce. In kin ga maganar ta fi ƙarfinki ki nemi wata ƙanwarta ko aminiyarta da take jin maganarta.

Yaya kuma ina kyautata zaton yanzu cikinsa ya ɗuri ruwa, yana ganin shi ya jawo, ko da bai faɗa ba. Ke ƙanwa ce, ba sai kin tsaya yi masa faɗa ba. Ki ce masa Yaya maganarka gaskiya ce Baba na bukatar tafiya, ga yadda aka ce a yi ta, kuma kai za ka riƙa raka shi in an kai matakin fita waje. Shi zai kai su asibiti, shi zai ɗauki kujera zuwa masallaci. Ki kuma roƙe shi ya je ya durƙusa ya ba Mama haƙuri, ko yana ganin niyyarsa mai kyau ce, uwa ce kuma ya tsorata ta. Baba yana kwance yana jin gidansa ya yi tsit saboda shi, wannan ma yana cikin abin da ke danne masa zuciya.

Maganar da ya yi miki ta "tawa ta ƙare" kar ki share ta da "haba Baba daina faɗin haka". Ki zauna ki ce Baba me ya fi damunka, ki bar shi ya faɗa. Damuwa mai nauyi takan biyo bayan babban ciwo a wurin dattawa, kuma ana maganinta. In kika ga sati biyu ya wuce ba ya son abinci, ba ya barci ko barcin ya yi yawa, ba ya son ganin kowa, ko yana yawan maganar gara ya mutu, ki faɗa wa likita ƙarara kamar yadda za ki faɗi tari. Kafin nan a buɗe masa zaure, abokansa na masallaci su riƙa leƙowa bayan La'asar, biyu ko uku, banda mai mura, jikoki su kawo masa aikin gida ya duba musu. Ki roƙi limamin unguwa ya zo gaishe shi, ya tuna masa hadisin da ke cikin Bukhari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Baba ya san wannan, amma jinsa daga bakin liman a wannan halin daban ne.

Ke ma ki samu mai karɓarki ko wuni ɗaya ne a sati, ki fita ki sha iska, sati bakwai kenan kina tsaye.

Gobe da safe ki fara da abu biyu, ki sa ranar ganin likita, ki sayo littafin. Bayan sati biyu da fara tattakin ki sake rubuto min abin da Baba ya cike a ciki, minti nawa ya kai da yadda yake tashi washegari, sai mu duba tare ko lokacin fita ƙofar gida ya yi. Ki gaishe min da shi da jiki, ki gaida Mama da ƙoƙari.